Kafin Ki Kira Lambar Barista

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, kin sauka Zariya lami lafiya, kin kuma dace da abokan ɗaki na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Malam yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaishe ki.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar da muka bari a tsakiya ranar da kike haɗa kaya ita ta sa na ɗauki biro. Kin ce Barista Zulaihatu, matar da ta zo makarantarku ranar rabon kyaututtuka, ta ba ki katinta, ta ce ki kira ta da zarar kin shiga jami'a, ki riƙa yin hutu a gidanta a Abuja kina koyon aiki a ofishinta. Na ce ban yarda ba. Kika ce, "Inna, ke kowa zarginsa kike yi." Na ci gaba da taya ki ɗaure kaya. Ba rashin amsa ba ne. Amsar ce doguwa, kuma sunan mahaifiyata gare ki, akwai abin da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba.

Kada ki ɗauka ban ga abin da kike gani a jikin matan nan ba. Kullum na shiga share ɗakinki ina ganin hotunan da kika yanko daga jaridu kika manna a bango, minista da alƙaliya da likita da shugabar banki. Ban taɓa cire ko ɗaya ba. Ni ma na taɓa samun tawa, sai dai ni a rediyo na same ta.

Kina goye a bayana lokacin, zamanin soja. Ni da Yaya Abu, maƙwabciyarmu ta bayan gida wadda kika taso kika gani da tsufanta, tukunya ɗaya muke turara shinkafa. Ita ta koya mini sana'ar tun ina amarya. Mu sayo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a hannun manoman rani, mu jiƙa, mu turara, mu shanya a tsakar gida, mu kai inji a cashe, ranar kasuwar Bunkure a kai mana. Muna aikin rediyo na kan katanga. Akwai wani shirin mata da ake yawan gayyatar wata Hajiya Lantana, shugabar wata ƙungiya a birni. Uwani, ban taɓa jin mace mai magana irin tata ba. Ba ta sauri, ba ta ɗaga murya. Takan ce mace ba kayan ado ba ce, matar ƙauye ita ke ciyar da birni. In ta fara magana sai in bar wuta ta ci itace a banza. Na ɗan taɓa makarantar horon malamai kafin a yi mini aure, to jin ta sai ya tayar mini da duk abin da na danne.

Wata rana sai ga ta a garinmu, da mota fara da direba. Aka tara mata a gidan mai gari. Ta tambaya ko akwai mai karatun boko, aka nuna ni. Ta kama hannuna a gaban kowa, ta ce irina take nema. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Ta ce za ta kawo mana injin casa na zamani, mai fitar da tsakuwa, wanda ba ya karya shinkafa. Namu kawai mu haɗa kanmu, mu gina masa ɗaki, ni kuma in zama sakatariya.

Daga nan na canza. Na sayi jakar hannu irin tata. Na koyi yafa gyale a kafaɗa ɗaya. Har tsayawar da take yi a tsakiyar magana ta ɗan kalli sama, na kwaikwaya. Tukunya kuwa na bar wa Yaya Abu, kullum ina gidan wannan ina gidan waccan ina haɗa kan mata. Yaya Abu ba ta hana ni ba. Sau ɗaya ta tambaye ni ko matar nan ta taɓa zama ta sha ruwan gidan wani a garin nan. Na ce mata manya ba su da lokacin zama. Ta ci gaba da juya shinkafarta.

Malam ya ba mu gefen filinsa na bakin hanya. Mata suka ɗebo ruwa a kai daga kanal ɗin noman rani, mazanmu suka kwaɓa ƙasa, muka tayar da ɗaki muka rufa masa kwano. Ana saura kaɗan a yi bikin kawo inji, Hajiya ta aiko mai hoto, ta ce ya ɗauki mata suna aiki yadda suka saba. Ni na kai shi ƙofar Yaya Abu. Ta ce ba ta so, ba ta shirya ba, zani ne kawai a ƙirjinta. Na ce ai hoton tukunya zai ɗauka, ta bari ya shigo, ci gaba ne ya zo mana. Ta bari saboda ni.

Ranar bikin aka kafa rumfuna a filin firamare. Muka sha anko. Ga manyan baƙi, har da Turawa. Ga inji sabo ful an lulluɓe shi da ƙyalle, ni da hannuna na ɗaura masa jan zaren da za a yanke, har na lura da wata 'yar lotsawa a gefensa na ce a raina zan faɗa wa Hajiya. Kafin a fara ta miƙo mini takarda, ta ce in karanta a lasifika. Na duba. An rubuta cewa tun da injin nan ya zo rayuwarmu ta sauya, 'ya'yanmu sun koma makaranta, mun daina kwana da yunwa. Injin da ko kunna shi ba a yi ba, mu da ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na ɗaga kai na kalle ta. Ta yi mini murmushi ta gyaɗa kai. Na karanta, har da tsayawar nan ina kallon sama. Aka tafa mini.

Bayan la'asar, baƙi sun watse, aka ɗora injin a babbar mota. Aka ce akwai wani ƙarfe da bai iso ba, za a haɗa a dawo da shi. Muka jira har shinkafar rani ta ƙare, ta damina ta shigo. Wata rana sai na shiga gidan mai gari ana kallon labarai a talabijin, na ga Hajiya a wani gari can gabas da Kano, da wasu mata cikin nasu ankon, wata yarinya sa'ata tana karanta takarda. Aka yaye ƙyalle, na ga lotsawar.

Ki riƙe wannan, Uwani. Duk wanda ya miƙo miki magana ya ce ki faɗa da bakinki, ki duba ko idonki ya ga abin. In bai gani ba, ki mayar masa da takardarsa, ko shi wane ne, ko mutum nawa ke jira. Ni na san ƙarya ce tun kafin in buɗe baki. Abin da ya sa na karanta, ba na son murmushin nan ya ɗauke daga fuskarta. Ki ji tsoron ranar da za ki ga kin fi son yardar mutum a kan abin da kika sani.

Abin bai tsaya nan ba. Da sabuwar shekara ta zo sai ga kalandar ƙungiyar ta bazu, har a teburin mai shayi na bakin kasuwa. Hotuna biyu ne manya. A ɗaya Yaya Abu ce a duƙe kan tukunya, kai babu ɗankwali, hayaƙi ya sa idonta hawaye, an rubuta "Jiya" a ƙasa. A ɗayan ni ce cikin anko a gefen inji, an rubuta "Yau." Matar da ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da mayafi, ga ta maza suna shan shayi suna kallo. 'Ya'yanta suka je suka yage ta mai shayi, amma ina za su bi sauran? Na shiga ba ta haƙuri. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Ke kika ce in bari ya shigo." Daga baya mun koma gaisawa, ta zo sunan ƙannenki, ni na yi mata wanka da ta rasu. Amma ba mu sake haɗa tukunya ba.

Mata kuwa a kaina suka sauke fushinsu, don ni suke gani. Wasu suka ce an ba ni nawa kason. Ɗakin injin ya zama makwancin awaki. Malam bai taɓa tayar mini da maganar filinsa ba, ko sau ɗaya, wannan shirun nasa ya fi mini zafi a kan faɗa.

Sai na yi abin da nake ganin jarumta ce, na goya ki na hau mota zuwa Kano, na yi ta tambaya har na gano gidan Hajiya. A hanya na shirya maganganu masu zafi. Mai gadi ya ajiye ni a benci har kika yi kuka kika gaji. Da aka shigar da ni, ta taso da fara'a ta rungume ni, ta sa aka kawo lemo mai sanyi, ta karɓe ki ta yi miki wasa. Tana ta kirana da wata kalmar Turanci mai daɗi, sai can na gane sunana ne ta manta. Na daure na tambaye ta injin. Ba ta ji kunya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Ta dafa gwiwata ta ce, "Ƙanwata, haka aikin yake. In babu hoto babu taimako. Inji ɗaya gare mu, garuruwa da yawa. Naku yana tafe." Wallahi ina jin ita kanta ta yarda da abin da take faɗa. Da zan tafi ta ba ni turmin atamfa. Na karɓa, har da durƙusawa. Duk maganganun da na shirya, da su na dawo Bunkure.

A zaman benci na ranar na ji abin da rediyo bai taɓa faɗa ba. Wata tsohuwa mai rainon 'ya'yanta ta fito shan iska muka yi hira. Ashe mahaifin Hajiya babban ma'aikacin gwamnati ne tun zamanin Turawa, mijinta kuma da manyan soja yake cin abinci. Mata uku ke mata aikin gida. A rediyo kuwa cewa take da ƙoƙarinta kawai ta kai inda ta kai, kowace mace ma za ta iya in ta dage. Ni kuma na yi ta ganin laifin kaina, ina cewa ragwanci ne ya hana ni zama ita.

Don haka in kin ji mace ta ci nasara tana ba da labarinta, ki saurara, akwai abin koyo. Amma ki tambayi kanki abin da ta tsallake. 'Yar wace ce? Wa ya riƙe mata yara tana karatu? Wa ya buɗe mata ƙofar farko? Ba don ki rage mata daraja ba, don kada ki auna ƙafarki da hanyar da ita a mota ta bi. Kuma kada ki jira mai cutar da ke ya zo da ɗaure fuska. Ni tawa lemo ta ba ni.

Yanzu ga inda kike da gaskiya a kaina. Bayan wannan abu na rufe zuciyata. Duk macen da ta sauko daga mota da jaka da takarda, kafin ta yi sallama na gama yanke mata hukunci. Da shekaru suka tafi, matan da suka zarge ni suka dawo suna neman shawarata, don sun ga na zama mai wuyar ruɗuwa. Na ji daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata.

Kina ajin farko na sakandare wata mata ta zo. Bayarbiya ce, Madam Bose, ma'aikaciyar gona daga wajen Kadawa. A bayan akori-kura ta zo, da takalmin roba duk taɓo, da Hausarta mai karkacewa. Ta sauke wata tukunya ta rabin duro mai ragar ƙarfe a ciki. Ta ce in aka zuba ruwa a ƙasa, shinkafa ta zauna kan raga, tururi kaɗai zai dafa ta, ba za ta ƙone a gindi ba, ba za ta yi baƙi ba, itace ma zai ragu. Ba ta ce za ta ba mu kyauta ba. Cewa ta yi mu gwada da shinkafarta, in ya yi mana, ta nuna wa maƙerinmu yadda zai ƙera. Mata suka juyo suna kallona. Ni kuwa idona yana kan jakarta, don na hango kyamara a ciki.

Na tambaye ta a gaban kowa wa ya aiko ta, hoton wa za ta ɗauka, kuma a wace kalanda za mu fito. Ta buɗe baki za ta yi bayani, na miƙe na kaɗe zanina na fita. Mata suka biyo ni. Ta sake dawowa, na sa aka ce ba na nan. Ta dawo na uku, ba wadda ta fito. Sai ta ɗauki tukunyarta ta nufi Kura.

Kin san sauran, don kin gani da idonki ko da ba ki san mafarin ba. Matan Kura suka karɓa. Shinkafarsu ta riƙa fitowa fes, doguwa, ba ƙauri. Dillalai masu saye su kai birni suka daina tsayawa a kan tamu sai in tasu ta ƙare. Mun daɗe a haka kafin mu aika a ƙero mana irin tukunyar a wajen maƙeran Kura, lokacin kuwa masu sayen sun riga sun saba da wasu ƙofofin. Akwai matan garin nan da suka bar sana'ar a tsakanin. Saboda maganata.

Na haɗu da ita sau ɗaya bayan haka, a kasuwar Kura. Ita ta gane ni, ta kira sunana, sunan da sau ɗaya tak ta ji. An yi mata canjin wurin aiki, tana sallama da matan da ta koya wa, suna ta cusa mata ƙullin shinkafa da kuɓewa busasshiya. Na so in kauce, ta tare ni ta gaishe ni har ƙasa. Na ce mata ta yi haƙuri da abin da ya faru. Ta yi dariya ta ce kyamarar ta ɗaukar hoton shinkafa ce, don ta gwada launin ta tsohuwar tukunya da ta sabuwa. Sannan ta ce, "Mama, tambayarki daidai ne. Ni ma da zan yi. Amma ba ki tsaya kin ji amsa ba."

Ban taɓa ganin hoton matar nan a jarida ba, ban ji ta a rediyo ba. Ban san inda take yanzu ba. In za a ce in nuna macen da nake so ki yi kama da ita, ita zan nuna, kuma ni ce na rufe mata ƙofa. To ki yi zargi, Uwani, zargi yana tsare mutum. Amma ki yi shi da tambaya, ki kuma zauna a ba ki amsa. Wanda ya yarda da kowa da wanda ya ƙi kowa, duka biyun ba sa duba mutumin da ke gabansu. Na yi zama a kowane ɓangare, ban ga riba ba.

Shi ya sa bayan tafiyarki ban tsaya a kan "ban yarda ba" kawai ba. Na je makarantarku na sami shugabarku, na tambaye ta ko Barista ta taɓa ɗaukar wata yarinya kafin ke. Ta ce ta ɗauka, ta kwatanta mini gidan su wata Maryama a Dawakin Kudu. Malam ya ba ni izini na je.

Uwar Maryama ta karɓe ni hannu biyu. Bakinta bai gaji da yabon Barista ba. Ta ce ba ta taɓa zagin 'yarta ba, tare suke cin abinci, da mahaifin Maryama ya yi jinya a asibiti, har gida Barista ta zo dubiya. Ta ce akwai wasu zawarawa a wani ƙauye kusa da su da dangin miji suka ƙwace musu gonaki, Barista ta tsaya musu a kotu ba ta karɓi ko sisi ba, bayan an gama kuma ta dawo da kanta ta ga an ba su gonakin. Ban tsaya a bakinta ba, na nemi ɗaya daga cikin matan na tambaye ta, ta ce haka aka yi. Na ce babu masu hoto? Ta ce akwai, amma gonar tana hannunta, bana ma ta shuka albasa.

Na dace Maryama tana gida, ta zo ganin iyayenta. Yarinya mai hankali, ta sha leshi, wayoyin salula biyu a hannunta, ɗaya tata ɗaya ta Barista, suna ta ƙara muna magana. Na tambaye ta karatu. Ta ce ta fara karatun lauya ta dakata, don aiki ya yi wa Hajiya, wato Barista, yawa, ga zaɓe yana matsowa, ana ta yawon taro. Na ce Barista takara za ta tsaya? Ta yi murmushi ta ce ba a sanar ba tukuna. Na ce yaushe za ta koma makaranta? Ta ce in abubuwa sun lafa. Uwarta ta kawo mini hotuna ina dubawa. A kowane ɗaya Maryama tana bayan Barista, da jakarta a hannu. Sai dai kuma Maryama ta gaya mini akwai wata da suka zauna tare a gidan Barista, 'yar wajen Gaya, ita ta gama karatunta har ta buɗe nata ofishin, kuma Barista ce ta kama mata hayar wurin. Na tambayi abin da ya bambanta su. Ta ce, "Ita takan ce wa Hajiya tana da jarrabawa. Ni ban iya ce mata a'a ba."

Da wannan na dawo gida, kuma gaskiyar magana ban gane matar nan ba. Ba Hajiya Lantana ba ce, don gonar albasa ba a ɗora ta a mota an mayar ba. Ba kuma Madam Bose ba ce. Har yanzu ina tambayar kaina me ya sa a cikin 'yammatan da suka karɓi kyauta ranar, ke ta zaɓa, 'yar mai turara shinkafa daga Bunkure, mai hijabi, mai iya magana a gaban jama'a, a shekarar da zaɓe ke tafe. Wataƙila ƙwaƙwalwarki ta gani. Wataƙila kuma ta ga yadda za ki yi kyau a gefenta kan dandamali. Mai yiwuwa duka biyun ne, ita ma ba ta rarrabe ba.

Mun yi shawara da Malam. Na janye maganata. Ki kira ta. Amma hutun farko a gida za ki yi shi, in ga fuskarki in ji yadda karatu yake. In kin je Abuja, ki fara sauka wajen gwaggonki da ke aure a Suleja, ita za ta raka ki har cikin falon Barista, don ta san kina da mutane. Kuɗin motar dawowarki ya kasance a jikinki kullum, kada ki taɓa shi ko da me. Ki lura da abin da take tambayarki in kun gaisa, sakamakon jarrabawa ko ranar da za ki sami sarari. Ki lura da yadda take magana da direbanta da mai yi mata girki in babu baƙo a gidan. Ranar da ta fara cewa ki bar aji ki raka ta taro, ki ce mata a'a cikin ladabi, sannan ki zuba ido ki ga yadda fuskarta za ta yi. A nan za ki san ta, ba a jawabinta ba. In ta ce ki ba da labarin gidanku a gaban mutane, ki faɗi gaskiya, ubanki manomin tumatir ne, uwarki mai sana'a ce, ba ki taɓa zuwa makaranta da yunwa ba. Kada ki bari a ƙara mana talauci don labarin ya yi daɗi.

Ki koyi aikinta, yadda take shirya shari'a, yadda take tsayawa gaban maza ba ta rawar murya. Wannan ki kwashe duka. Tafiyarta da ɗaurin ɗankwalinta ki bar mata kayanta.

In abin da nake tsoro ya faru, ki dawo gida kanki tsaye. Ba zan ce ai na faɗa miki ba, ba kuma zan bari wani ya faɗa ba. In kuma kin zauna da ita kin tarar mutuniyar kirki ce, ni ce na sake zargin wadda ba ta cancanta ba, to ki zo ki gaya mini a fuskata. Na fi son wannan. Na gaji da zama mai gaskiya a kan irin wannan abu.

Allah Ya tsare mini ke, Ya tsare mutuncinki da imaninki. Ya haɗa ki da masu son ki don Allah, Ya nisanta ki da masu son ki don kansu, Ya ba ki idon da za ki bambance su. Ya buɗa miki karatu, Ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla a kan lokacinta. In kin sami hali ranar Juma'a, ki kira wayar mai shagon bakin tasha, zai aiko a kira ni.

Wassalam.

Innarki,
daga Bunkure.